Yaran Wiley da jawabin aro

A kusa da ƙarshen fim ɗin The Great Debaters akwai wani ɗan wuri da masu kallo kan wuce ba su lura da shi ba, domin a lokacin hankali ya riga ya tafi kan wa zai ci, wa zai sha ƙasa. Ɗaliban Kwalejin Wiley su uku sun sauka daga jirgin ƙasa, an kai su masauki a Jami'ar Harvard inda za su yi gasar muhawara, sai aka miƙo musu takarda. Abin da ke cikinta shi ne, labari ya iso cewa malaminsu ne ke rubuta musu jawaban da suke gabatarwa, saboda haka an soke maudu'in da suka shirya a kai. Ga sabo nan, kuma kwana biyu kacal gare su. Malamin ba ya tare da su, don 'yan sanda sun sa shi gaba a gida, an hana shi barin jiha. Aka bar yara uku a ɗaki da tulin littattafai, kowa na jin haushin kowa.

Ni malamin sakandare ne, kuma ƙungiyar muhawara ta makarantarmu a hannuna take. Wannan ya sa kallon da nake yi wa fim ɗin ya ɗan bambanta da na abokaina, waɗanda yawancinsu don Denzel Washington suka kalla. A wurina takardar nan ta Harvard ita ce zuciyar labarin.

Fim ɗin ya fito ranar Kirsimeti ta 2007. Denzel Washington ne ya ba da umarni, shi ne kuma ya fito a matsayin Farfesa Melvin B. Tolson, kamfanin Oprah Winfrey mai suna Harpo yana cikin waɗanda suka shirya shi. Labarin na 1935 ne, a garin Marshall da ke gabashin jihar Texas. A lokacin Wiley ƙaramar kwaleji ce ta baƙaƙen fata wadda cocin Methodist ya kafa a 1873, shekara 8 bayan ƙare yaƙin basasar Amurka, don a koyar da 'yantattun bayi da 'ya'yansu. A zamanin da labarin ya faru, dokokin wariya da ake kira Jim Crow suna da ƙarfinsu a kudancin ƙasar: makaranta daban, taragon jirgi daban, famfon shan ruwa daban. Kotun Ƙolin Amurka da kanta ta halatta wannan tsari tun 1896. To a irin wannan wuri ne wani malamin adabi ya tara yara huɗu ya ce zai koya musu yadda za su tsaya gaban farar fata su ce masa bai yi daidai ba, su kuma kawo dalili.

Yaran su ne Henry Lowe, mai kaifin basira amma giya da neman mata sun sha masa kai. Samantha Booke, mace ɗaya tilo, wadda ke son zama lauya. Hamilton Burgess, tsohon hannu a ƙungiyar, wanda daga baya ya janye saboda mahaifinsa ya ji ana raɗe-raɗin cewa Tolson ɗan kwaminis ne. Sai ƙaraminsu, James Farmer, ɗan shekara 14, wanda aka ajiye a matsayin mai bincike da jiran ko-ta-kwana. Forest Whitaker ne ya fito a mahaifin James. Yaron da ya fito a James kuwa sunansa Denzel Whitaker, kuma ba ɗan kowa ba ne a cikin manyan biyu, sunan ne kawai ya zo haka. Duk ajin da na nuna wa fim ɗin sai an yi mini wannan tambayar.

Na ce nuna wa aji, amma ba duka nake nunawa ba. Akwai wurin mashaya a farko, akwai kuma inda Henry da Samantha suka keɓe, waɗannan tsallake su nake yi. Wanda zai kalla da yara a gida ya san da haka tun da wuri, ya riƙe rimot a hannu.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai babu muhawara a cikinsa ko kaɗan. Dakta Farmer, mahaifin James, ya ɗauko iyalinsa a mota suna tafiya a hanyar ƙauye. Mutum ne mai digirin digirgir daga Jami'ar Boston, malamin addini, mai harsuna da dama, wanda a harabar kwaleji idan ya yi magana kowa ke nutsuwa. Sai alade ya gifta, mota ta take shi. Masu aladen suka fito, fararen fata ne matalauta, tufafinsu duk datti, da bindiga a hannu. Suka yanka masa kuɗin da ya fi ƙimar dabbar nesa ba kusa ba. Ba shi da tsabar kuɗin, sai cek ɗin albashinsa, ya sa hannu a baya ya miƙa. Mutumin ya saki cek ɗin ya faɗi ƙasa da gangan, ya ce ya duƙa ya ɗauko. Ya duƙa ya ɗauko. Sannan aka sa shi ya kama mushen aladen a ɗora a bayan mota. Duk wannan James na leƙowa ta taga. Da uban ya dawo ya zauna a kujerar direba, babu wanda ya ce uffan. Forest Whitaker bai yi wani dogon abu ba a wurin, idonsa kawai ya kawar daga na ɗansa, amma duk wanda ya taɓa ganin an wulaƙanta mahaifinsa a gabansa ya san abin da ke cikin wannan kawar da ido.

Ranar da na nuna wa 'yan ƙungiyarmu wannan wuri, a ɗakin karatu, da kwamfutata da wata 'yar lasifika da muka aro, na tsayar da fim ɗin na ce kowa ya faɗi abin da ya gani. Wani yaro ɗan aji shida ya ce, "Malam, ai wannan tsoro ne kawai. Ni da mutuwa zan yi ban duƙa ba." Samari suka goya masa baya da hayaniya. Sai wata yarinya 'yar aji biyar, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, shi kaɗai ne a motar? Idan suka harbe shi, wa zai tuƙa matarsa da yaran su bar wurin? Kuma wace kotu za a kai ƙara?" Ajin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan aka kaure. Sai da mai gadi ya zo ya ce zai kulle. Babu wanda ya ba su maudu'i, babu wanda ya raba musu ɓangare, babu takarda a hannun kowa, amma abin da suka yi a ranar ya fi kama da muhawara a kan yawancin abin da ake ba da kofi a kansa.

Duk wanda ya yi sakandare a wajenmu ya san yadda gasar muhawara take. Ana aiko da maudu'i mako biyu ko uku kafin ranar. Likita ya fi malami amfani. Makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo. Ilimin 'ya mace ya fi na ɗa namiji. Malamin Ingilishi ya zauna ya rubuta shafi biyu, ya cusa manyan kalmomi, yaro ya tafi ya haddace. Ranar gasa ya fito da farar riga a goge, ya gai da shugaban taro, ya gai da alkalai masu adalci, ya gai da mai duba lokaci wanda agogonsa ba ya kuskure, ya gai da abokan karawa, wannan gaisuwar kaɗai ta cinye rabin minti. Sai ya kwararo abin da ya haddace, da ɗaga hannu a inda aka ce ya ɗaga. Na gaba ya fito ya kwararo nasa. Babu wanda ya saurari wani, domin sauraro ma haɗari ne, kana iya mance layinka. A ƙarshe kowa ya ce yana fatan ya gamsar da jama'a bai rikita su ba, a tafa.

Ni ma a haka aka horar da ni ina ɗalibi. Na taɓa ganin yaron da ya fi kowa murya a shiyyarmu ya tsaya cak a tsakiyar jawabi, saboda wani ya yi tari da ƙarfi ya katse masa zare. Ya koma farkon sakin layi, ya sake zuwa daidai wurin, ya sake tsayawa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Yaron ba daƙiƙi ba ne, ya san likita ya san malami, yana da abin faɗa a kansu, amma ba a taɓa tambayarsa ra'ayinsa ba.

Abin da ya burge ni shi ne fim ɗin bai ɓoye cewa Tolson ma haka yake yi ba. Tun farko ya gaya wa yaran cewa shi zai rubuta hujjoji, su nasu gabatarwa, kuma Henry ya yi ta gardama da shi a kan haka. Sai dai akwai bambanci, kuma dole a yi masa adalci. Bayan rubutun, Tolson yana gasa su. Yana tsayar da ɗalibi a tsakiyar ɗaki ya jefa masa magana, ya nemi ya kawo tushen hujjarsa nan take, idan ya yi rauni ya kwance masa zani a gaban kowa. Akwai inda ya shiga kwalekwale ya yi nisa cikin ruwa, yaran na bakin gaɓa suna ɗaga murya har sai ya ji su. Yana sa su karatu ba ji ba gani. Ke nan ko da jawabin nasa ne, kan da ke ɗauke da jawabin ba fanko ba ne. Shi ya sa da aka ƙwace takardar a Harvard, yaran suka ruɗe na dare ɗaya, amma ba su rushe ba.

Sabon maudu'in da aka ba su shi ne ko bijire wa doka cikin lumana makami ne na halal a fafutukar neman adalci. 'Yan Wiley suka kawo Gandhi, suka kawo kisan Amritsar na 1919, inda Janar Dyer ya sa sojoji suka buɗe wuta kan taron jama'a a Indiya, hukumar Ingila da kanta ta amsa mutuwar mutum 379. 'Yan Harvard suka tsaya kan cewa babu wata ƙasa da za ta zauna lafiya idan kowa zai zaɓi dokar da zai bi. A zagayen ƙarshe James ya fito, ya yi shiru har aka fara tunanin ya daskare kamar yadda ya taɓa yi a wata muhawara a baya. Sai ya ajiye abin da aka shirya, ya ba da labarin abin da suka gani da idonsu wani dare a hanya: gungun fararen fata sun rataye wani baƙar fata a bishiya sun cinna masa wuta, su kuma suka kwanta a ƙasan mota suka tsere. Ya tambaya, wace doka ce ta kare wannan mutumin? Ya jawo maganar Waliyyi Augustine cewa dokar zalunci ba doka ba ce. Wannan jawabi ba Tolson ne ya rubuta shi ba, ba zai ma iya rubuta shi ba, ko da yake yana cikin motar a daren. Na yaron ne, daga abin da ya hana shi barci.

Duk da haka ina da ƙorafi a kan fim ɗin, kuma ba ƙarami ba ne.

Na farko wanda kowa ya fi sani: Wiley ba ta kara da Harvard ba. Babbar nasarar da ƙungiyar Tolson ta samu a 1935 a kan Jami'ar Kudancin California ce, a Los Angeles, wadda a lokacin ita ke riƙe da kambin muhawara na ƙasa. Masu fim suka ga sunan Harvard ya fi cika baki, suka musanya. Wannan ina iya yafewa rabi da rabi, fim ba littafin tarihi ba ne. Haka Samantha Booke, an gina ta ne a kan Henrietta Bell Wells, wadda ta shiga ƙungiyar a 1930, ba 1935 ba, kuma ta rayu har fim ɗin ya fito, ta rasu a 2008. Abin da na ji zafin barinsa a baya shi ne, ko da Wiley ta doke zakarun, ba a ba ta damar kiran kanta zakara a hukumance ba, domin ƙungiyar muhawara ta ƙasa ba ta karɓar baƙaƙen fata a lokacin. Ka ci wasa a fili, a ce ba ka cikin rajista. Wannan ya fi tafin da aka rufe fim da shi faɗin gaskiyar 1935.

Na biyu shi ne wanda ba na yafewa. Akwai wurin da Tolson ya fusata da Henry, ya ba shi labarin wani mai bayi wai shi Willie Lynch, wanda aka ce ya koya wa masu bayi na Virginia dabarar karya zuciyar bawa a bar jikinsa da ƙarfi. Denzel ya yi wurin da kyau ƙwarai, har tsigar jiki na tashi, kuma shi ne guntun da aka fi yaɗawa a Facebook da WhatsApp. Matsalar ita ce, masana tarihi sun daɗe da nuna cewa wannan jawabi na Willie Lynch, wanda ake cewa an yi shi a 1712, ƙirƙira ce ta baya-bayan nan. Babu alamarsa a rubuce-rubucen wancan zamani, akwai kalmomi a cikinsa da ba a amfani da su a lokacin, kuma bai yi tashe ba sai a shekarun 1990, musamman bayan Louis Farrakhan, shugaban ƙungiyar Nation of Islam ta baƙaƙen fatar Amurka, ya ambace shi a babban gangamin Washington na 1995. Tolson na 1935 ba zai taɓa jin labarinsa ba. Fim ɗin da ke koyar da cewa kada ka buɗe baki sai ka san tushen hujjarka, shi ne ya sa hujjar bogi a bakin malamin. Azabar da aka yi wa bayi gaskiya ce, tana cike da takardu na gaske, babu buƙatar a je a ɗauko na ƙarya. Yanzu nakan yi amfani da wurin a matsayin jarrabawa: in nuna shi, in bar yara su gama jin zafi, sannan in ce su je su binciko mini wane ne Willie Lynch. Waɗanda suka dawo da fuska a yamutse, su ne suka yi aikin.

Na uku ya shafi sana'ata kai tsaye. A duk muhawarar da aka nuna, ɓangaren da zuciyar mai kallo ke so shi ake ba 'yan Wiley. Tallafa wa matalauta, su ne masu goyon baya. Shigar baƙaƙen fata jami'o'in gwamnati, a karawarsu da wata jami'ar fararen fata ta Oklahoma, su ne masu goyon baya. Bijire wa dokar zalunci, su ne masu goyon baya. Ko sau ɗaya ba a ga an tilasta musu kare abin da suka ƙi ba. Amma wanda ya yi muhawara ta gaske ya san rabin amfaninta a nan yake. Ranar da aka ce ka tsaya ka kare ra'ayin da kake ganin shirme ne, ka kwana kana neman inda yake da ƙarfi, ranar ce kake gane cewa abokin gardamarka ba lallai mugu ko wawa ba ne. Da an nuna Samantha tana kare wariya a atisaye, tana haɗiye ɓacin rai tana jero hujjojin da za a jefe ta da su gobe, da fim ɗin ya ƙara nauyi. Yadda aka yi shi, mai kallo zai iya fita da tunanin cewa mai gaskiya ne kullum ke cin muhawara. Ni da nake zama a kujerar alkalanci na san ba haka ba ne.

Mutanen na gaskiya sun fi na fim ɗin ban sha'awa. Tolson mawaƙi ne na rubutacciyar waƙa, an haife shi a 1898 a jihar Missouri. A 1947 ƙasar Laberiya ta naɗa shi mawaƙinta na ƙasa, ya rubuta doguwar waƙa don cikarta shekara 100 da kafuwa, wadda aka buga a 1953. A shekarar 1947 ɗin ya bar Wiley ya koma Jami'ar Langston a Oklahoma, har ya zama magajin garin Langston. Ya rasu a 1966. A fim an nuna shi yana sa tufafin manoma da dare yana haɗa kan masu noman gonar wani a raba amfani, baƙi da farare, abin da ya jawo masa kamu. A can ne Dakta Farmer, mutumin da ya duƙa ya ɗauki cek, ya tsaya gaban shugaban 'yan sandan yankin ya yi magana har aka saki Tolson, ɗansa na kallo. Marubucin fim ɗin ya san abin da yake yi da ya ajiye waɗannan wurare biyu nesa da juna.

James Farmer ƙarami kuwa, wanda aka haifa a Marshall a 1920, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar CORE mai yaƙi da wariya a 1942, yana ɗan shekara 22. Shi ne ya jagoranci shirya tafiyar nan ta 1961, inda baƙi da farare suka shiga motocin safa tare suka ratsa jihohin kudu don karya dokar raba kujeru, aka ƙona musu mota a Alabama, aka daddake su, shi kansa aka ɗaure shi a Mississippi. A 1962 ya yi muhawara da Malcolm X a Jami'ar Cornell, a kan haɗewa da farare ko rabuwa da su. Duk wanda ya taɓa jin yadda Malcolm X ke magana ya san ba a tunkararsa da jawabin hadda. Shugaba Clinton ya ba Farmer lambar yabo mafi girma ta farar hula a 1998, ya rasu a 1999.

Akwai kuma wani tsohon ɗalibin Wiley da fim ɗin bai ambata ba, Heman Sweatt, wanda ya gama a 1934 kuma ya yi karatu a hannun Tolson. Ma'aikacin gidan waya ne lokacin da ya nemi shiga sashen koyon lauya na Jami'ar Texas a 1946, aka hana shi saboda launinsa. Ya kai ƙara, shari'a ta kai Kotun Ƙoli, a 1950 aka yanke cewa dole a ɗauke shi. Shekara 4 bayan nan kotun ta haramta wariya a makarantun gwamnati gaba ɗaya. Wato maudu'in da aka nuna Samantha tana karewa a gaban fararen Oklahoma, wani ɗan makarantarsu ne ya kai shi kotu ya ci.

Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. A farkon shekarun 1940, kusan lokaci guda, akwai zauren tattaunawa a Bauci inda Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ke zama ana kawo batu ana fafatawa, har aka kai ga taɓa tsarin mulkin Turawa ta hannun sarakuna, abin ya fi ƙarfin masu mulki. Mutanen da suka fito daga zauren nan kowa ya san inda suka kai. Ba gaisuwa ga mai duba lokaci suka koya a can ba.

Bayan fitowar fim ɗin, Denzel Washington ya ba Wiley kyautar dala miliyan ɗaya don a farfaɗo da ƙungiyar muhawarar, wadda ta daɗe da mutuwa. A 2014 sabbin yaran suka ci gasar ƙasa ta ƙungiyar Pi Kappa Delta, irin ƙungiyar da a zamanin Tolson ƙofarta ke rufe ga baƙar fata.

A makarantarmu dokata ɗaya ce, ba na rubuta wa kowa jawabi. Ina zama da su, in kawo jaridu da littattafai, in yi musu tambayoyi har su gaji da ni, amma alƙalamin nasu ne. Kuma ba wanda ya san ɓangaren da zai kare sai an jefa kwabo. Wannan yana da tsada. Mun sha zuwa gasa mu dawo hannu rabbana, saboda yarana suna magana da Ingilishinsu na gaskiya, mai tuntuɓe, su kuma na wasu makarantun suna kwararo na malaminsu mai santsi, alkalai kuma santsin suke ba maki. Shugaban makarantarmu ya taɓa kirana ofis ya ce, "Malam, kofi muke so a kan teburin nan, ba falsafa ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara mini lokaci." Wani abokin aikina yana ganin taurin kai ne kawai, ya ce yaran da ba su ƙware a harshen ba, hana su hadda zalunci ne, domin ta haddar ce suke tsintar kalmomi. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa na fara raba zaman biyu, mako guda da Hausa, mako guda da Ingilishi. A makon Hausa ne nake ganin ainihin kan yaro. Wanda ba ya iya haɗa jimla uku da Ingilishi sai ka ji ya warware hujjar abokinsa zare-zare, har da karin magana.

A zangon nan na ba su maudu'in ƙarshe na fim ɗin, da Hausa. Kwabo ya faɗa wa yarinyar nan 'yar aji biyar a ɓangaren masu adawa, wato ita za ta ce kada a bijire wa doka. Ta biyo ni har bakin ofishin malamai ta ce, "Malam, don Allah a canza mini, ni ban yarda da wannan ba." Na ce kwabo ya riga ya faɗi. Ta tafi tana ƙunƙuni.

Ranar muhawarar, yaron aji shida ya fito da ƙarfinsa, ya kawo Gandhi, ya kawo Mandela, ya buga tebur, aka tafa masa. Ita kuwa ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ta yarda akwai dokar zalunci, ba ta musun wannan. Tambayarta ita ce wa zai tantance. Ta ce fararen da suka tare ƙofar makarantu a kudancin Amurka bayan hukuncin 1954, su ma cewa suka yi dokar ta zalunce su, su ma bijirewa suka yi, su ma suna ganin lamirinsu ne ya sa su. Idan ƙa'idar ita ce kowa ya bi zuciyarsa, to da me za a hana su? Ta juya ta kalli yaron ta ce, "Yayana, ka ba ni ma'aunin da zai halatta wa Farmer ya haramta musu, ba tare da ka ce don kai Farmer kake so ba." Yana da amsar da zai iya bayarwa, cewa Farmer bai doki kowa ba kuma ya yarda a ɗaure shi, su kuwa da duwatsu da sanduna suka fito, amma a lokacin ba ta zo masa ba, ya koma kan Gandhi har ƙararrawa ta kaɗa. Malamai uku ne suka yi alkalanci, biyu suka ba ta.

Samarin sun ce ba su yarda ba, an yi musu shigo-shigo ba zurfi, sai an sake. Na amince, da sharaɗin za a musanya ɓangare, shi ya kare doka, ita ta kare bijirewa. An sa ranar Alhamis mai zuwa bayan la'asar, kuma na ji ta riga ta je ta karɓe littafin tarihin Amurka guda ɗaya da muke da shi a laburare kafin ya farga.